Hoto na Goma na Cikin Nana

Jibiya, 12 ga Maris, 1957

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita, mai motar ɗaukar hoton ƙashi da ke zuwa mana ranar kasuwa, gwanin ganin abin da fata ta rufe.

Bayan gaisuwa da fatan an sha hanya lafiya, ni ce Salmatu, yarinyar nan mai tsayawa bayan Inna tana kallon ƙasa. Sau uku ina buɗe baki a gabanka murya ta ƙi fita, shi ya sa na koma ga takarda. Bara na gama elementare, a yi haƙuri da rubutuna.

Maganar ƙanwata Nana ce, 'yar shekara huɗu, wadda ta haɗiye mabuɗin akwatin Inna wata biyu da suka wuce.

Na ɗaya. A gidan gwaggonmu abin ya faru, can tsallaken iyaka, kuma lokotoron can, wato likitansu, ya ɗauke ta hoto uku. Muka kawo maka su a naɗe cikin zane. Ka ce rubutun jikinsu na Faransi ne, sai an sake. Ranka shi daɗe, ni ma da ban iya Faransanci ba na ga mabuɗin kwance a ciki. Ko cikin yaro ma yana da na Faransi da na Ingilishi?

Na biyu. Ka gaya wa Inna hasken injin nan ba ya cutarwa. Na yarda, kai ne mai ilimi. Sai dai na lura duk sa'ad da mataimakinka Malam Kalilu zai danna injin, kakan sa wata rigar dalma da sai mutum biyu sun ɗora maka, ka shige bayan allo, daga can kake lallashin Nana kada ta ji tsoro. Ita kuwa daga ita sai jigida. Uwa ungozoma mai juna biyu ma har waje kuka fitar da ita. Ruwa ba ya tsami banza. Malamarmu ta ce hasken ratsa tsoka yake yi. To, inda ya ratsa, me yake bari? Jikin yaro da na babba ɗaya suke ɗaukarsa? A littattafanka babu inda aka ce sau kaza ya isa?

Na uku. Matan Riko da Gangara sun gama yanke cewa hoton shi ne maganin. Yara lafiyayyu suke kawowa, har da mai haƙori, wasu su fito su sake bin layi, kuma ban ga an mayar da kowa ba. Inna sai alfahari take yi wai Nana ta fi kowa hoto a garin nan, alhali babu ko ɗaya da fuskarta a ciki.

Na huɗu, wanda nake jin nauyin faɗa. Mabuɗin ya fito tun kwana goma sha takwas, ta hanyar da Allah ya tsara. An wanke shi da toka, Inna har ta buɗe akwatinta. Kasuwar da ta wuce na miƙa shi a tafin hannuna. Malam Kalilu ya juya shi, ya ce likita ba ya aiki da abin hannu, sai hoto ya shaida babu shi a ciki. Aka ɗauki na tara. Nana ta yi dariya ya lalace, aka ce mu komo.

Inna za ta komo da ita, don ba ta jin tawa, taka take ji. Ina roƙon ka gaya mata da bakinka cewa ya isa haka. In kuwa lallai sai na goma, tunda babu cutarwa, ka daure ka tuɓe rigar nan mai nauyi, ka zo ka tsaya tare da ita. Nana ba ta ƙyuya, za ta matsa maka wuri.

Allah ya ƙara girma, ya kare motarka daga yashin gulbi.

Taka mai biyayya, da kai a sunkuye,
Salmatu Ummaru, yayar Nana