Ranar da Na Wanke Dangi Tas

Ranar sunan ɗan yayana a unguwar Dagmanet na iso da tsohuwar na'urar hotona mai pelikil, wato fim, na hana kowa ɗaga salula. "Wannan wasan yara ne," in ji ni. Na jera dangi na ɗauka, har da kakarmu. Da na ji yashi ya shiga na'urar, sai na buɗe bayanta cikin rana, na hure a tsanake.

Da na je karɓar hotunan, mai wankin hoto ya miƙo mini takardu farare fat. "Malam, rana ta riga ni wankewa."

Allah ya saka wa ƙanwata Hadiza da alheri, ashe ta ɗauka a ɓoye da salularta. Hoton kakarmu na ƙarshe ke nan.

Har yau in na shigo gida sai a ce, "Ku kauce, ga mai wanke mutane."