Sagiru da katin wiwi

Wani mutum ne, Sagiru, direban tasi a wani birni na Amurka, wanda duk Hausawan garin suka san shi da cika baki. Walat ɗinsa ya kumbura kamar buhun gero, ba da kuɗi ba, da kati. Na asibiti, na laburare, har na wurin motsa jiki da bai taɓa leƙawa ba. Kullum a shagon aski sai ya buga ƙirji ya ce babu katin da zai nema a ƙasar nan a hana shi.

Ran nan wanzami ya ce, "To akwai na wiwi. Marasa lafiya kaɗai ake ba, sai mai jinyarsu. In an kama ka da ƙarya a takarda, hanawa ake yi."

Sagiru ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni za ka koya wa doka? Ranar Juma'a zan ajiye maka shi a kan teburin nan. In na kasa, a daina kira na Sagiru."

Shi fa ko hayaƙin sigari ya shaƙa sai ya kwana yana tari. Sunan kawai yake karewa.

Ya je wurin likita ya yi ta nishi har aka rubuta masa ciwon baya da gwiwa. Ya aro keken guragu. Ya rarrashi abokinsa Ɗanjummai ya zama mai jinya. A ƙofar ofishin rajista ya raɗa masa sabuwar dabara: "Zan yi kamar ba na jin Turanci. Sun fi tausayin irin waɗannan."

"Kai da kake gyara wa Turawa Turancinsu?"

"Tura ni kawai."

Ƙiii, ƙiii, keke ya isa gaban ma'aikaciya. Sagiru ya langaɓe kai, ya saki leɓe. Duk abin da ta tambaya sai ya ce, "Wash." Ta duba takardarsa, an rubuta shekara uku gwiwoyinsa ba su lanƙwasu ba. Tausayi ya kama ta sosai. Ta ce su ɗan jira, akwai wani dattijo da ke taimaka musu da tafinta.

Ƙofa ta buɗe. Sai ga Alhaji Nadabo, uban matar Sagiru, da babbar riga da carbi.

Jikin Bahaushe ba ya shawara da shi a gaban suruki. Zumbur Sagiru ya miƙe, ya tuɓe takalma, ya zube ƙasa a kan gwiwoyin nan biyu da suka shekara uku a sandare.

"Barka da rana, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya jikin naka?"

"Garau nake, Baba, ko ciwon kai babu."

Ma'aikaciya ta leƙo ta saman tebur, ta tambayi Alhaji me ya ce. Alhaji mutum ne mai amana, ya fassara mata tas, bai rage ko kalma ba. Ɗanjummai kuwa tuni ya sulale, ko ƙurarsa ba a gani ba.

Tim, ta buga hatimi. Ta miƙa wa Alhaji takardar ya karanta wa mara lafiya. Ya gyara tabarau, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji:

"An hana ka katin wiwi saboda ka yi ƙarya. An hana mai jinyarka saboda babu wanda zai yi wa jinya."

Sagiru na tsugune, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Baba, wallahi ba sha nake yi ba."

"To sayarwa za ka yi?"



Alhaji ya tattare babbar rigarsa, ya zauna daram a cikin keken, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ni gwiwata da gaske take ciwo. Tura ni gidanka, ka maimaita wannan bayanin a gaban 'yata."