Ranar da Na Ƙone Kasuwa da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙone kasuwa ƙurmus ba, alhali ina zaune bisa tabarma gidan ɗiyata a Gusau.

Na zo daga Tsafe ganin likitan ido, na iske jikata Rukayya da ƙawayenta sun baza takardu, suna jefa wasu 'ya'yan ludo masu kusurwa barkatai. Na ce mi ne ne wanga? Ta ce wasa ne, awa tatsuniya: ƙawarta Nafisa ke ba da labari, saura kowa da mutumin da yake zama a ciki. Ita Rukayya mayaƙiya gare ta, wata uku tana rainonta. Dodo ya tare musu hanya, za su kai zinare ɗari uku da suka tara kasuwa su sayi takardar tsafi mai saukar da wuta. (Na tambaya ko da boka a ciki. Babu. Takardar makaranta ce aka naɗe aka ɗaure da zare.)

Nafisa ta sauya murya ta zama mai kaya, ta ce ɗari uku ba ragi. Da na ga Rukayya za ta biya, raina ya ɓaci. Shekara arba'in ina sayar da daddawa. Na ce ku matsa.

"Mi ya sa ta yi tsada haka?"

"Inna, tsafin babba ne, kuma sau ɗaya take ci."

"Sau ɗaya? Ɗari da hamsin."

"Albarka."

Na miƙe awa zan tafi, har na ɗauki takalmi. Ta sallama ɗari biyu. Suka yi mini tafi.

To ni ba na sayen kaya ban duba ba. Kuma tun da na shiga yaƙi da jahilci da furfurata, ba rubutun da ke wuce ni: allon shago, bayan motocin Bungudu, buhun taki. Sai dai da ƙarfi malamarmu ta koya muna, ban iya karatu a zuci ba. Na kwance zaren, na ɗora yatsa.

"Wu-ta, sau-ko nan, ki cin-ye."

Rukayya ta kawo hannu bakina, ta makara.

Nafisa ta ce, "Inna, karantawar ai ita ce amfani da ita."

"Dubawa nike."

"Tsakiyar kasuwa kuke tsaye."

Ta tattara 'ya'yan ludo har takwas ta watsa, ta ƙirga yawan ɓarnar wutar. Rumfuna sun tafi, mai kaya ya tafi, mayaƙiyar Rukayya ta zama toka.

Rukayya ba ta yi kuka ba. Ta dai ninke takardar mayaƙiyarta ta tura ƙarƙashin tabarma. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na ce ai dai na rage musu ɗari.

Rukayya ta ce, "Ɗarin ma ta narke a wutar, Inna."

Yanzu ita ke koya mini karatu baki rufe. Jiya layi biyu na yi kafin leɓena ya motsa.