Safiyar da Motar Alhaji Ta Ƙi Jin Rimot

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, kuma ko na so mantawa, Sahabi ɗan goggona ba zai bari ba. Taubashina ne, aikinsa ke nan.

Ni direba ne. Shekaru na yi ina jan tsohuwar a-kori-kurar maigidana Alhaji, ina kwaso gero da dawa daga Jabo da Dogon Daji zuwa shagonsa a Tambuwal. Wannan mota ita ta koya mini haƙuri. Da sanyi ya shigo, in ba ka buɗe bonet da yamma ka lulluɓe mata inji da bargo ba, to da safe sai turi. Duk direbobin tashar haka muke yi, wasu har garwashi suke sawa a ƙarƙashi.

A shekarar da aka yi haihuwar ne Alhaji ya sayo wata fikof 'yar Kwatano, baƙa, doguwa, wadda aka ce daga ƙasar ƙanƙara ta fito. Abin da ya ɗauke mini hankali ba girmanta ba ne, ɗan rimot ɗin da ke jikin makullinta ne. Kana tsaye can nesa ka danna, sai ta tashi da kanta, babu kowa a ciki. Da matata ta haihu a gidan iyayenta a Kebbe, Alhaji da bakinsa ya ce in ɗauki motar in kai Baffa Malam da ragon suna. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya karantar da mu, shi ke limancin masallacin unguwarmu, kuma surukina ya ce babu mai raɗa wa yaron suna sai shi. An yi da mu za mu taso da an sallame Asuba. Liman yana wurinmu, rago yana wurinmu, ka ga in ba mu isa ba babu suna ke nan.

Mai ɗan fari kunya aka san shi da ita, ya laɓe a bayan mutane kamar ba shi ba. Ni kuwa tun jajibiri na bi shagon mai shayi da bakin masallaci ina shela cewa gobe za su ga mota ta tada kanta. Sahabi ya ce ƙarya ce, rimot na talabijin ne. Don in rufe masa baki sai na ƙara gishiri, na ce irin wannan mota in ana sanyi ba a ma tada ta da makulli, in ka kuskura inji ya buga. (Babu wanda ya gaya mini haka. A wurin na ƙirƙira, kuma daɗin faɗa ya sa na maimaita.)

Da yammar nan sanyi ya sauko irin mai shiga ƙashi. Na dubi motar mutane a ƙofar gida, tausayi ya kama ni. Na shiga ɗaki, ban sami tsohon bargon mota ba, sai na jawo na kan gadon matata, ja mai manyan furanni, na kayan ɗakinta. Na buɗe bonet, na lulluɓe injin tsaf, na mayar a hankali don kada a ji. Motar da ta saba kwana cikin ƙanƙara, ni na ji mata sanyin Tambuwal. Daga nan hidimar goro da dabino ta ɗauke ni, na manta da bargo sam.

Da aka sallame salla mutane suka fito a duƙunƙune. An ɗaure rago a baya. Baffa ya zauna a kan dakali da carbinsa, ya ja rawani ya rufe kunnuwa. Na ce kowa ya ja baya, na ɗaga hannu sama yadda za a gani, na danna.

Fitilu suka ƙyafta, hon ya yi ɗan ƙara, shi ke nan. Na sake dannawa, haka dai. Ragon ne kawai ya amsa.

"Angon ƙarni," in ji Sahabi, "ko tasha ba ta kama ba? Canza mata."

Na ce sanyi ne ya kama rimot. Na murza shi a tafin hannu, na hura masa iska, na cusa shi a hammata na tsaya kamar mai ciwon haƙarƙari. Na kai shi gun mai shayi na gasa a saman tukunya. Wani dattijo ya ce batir ne, aka ɓalle rimot da wuƙar yanka burodi, aka cire na agogon wani aka gwada, bai ma shiga ba. Na matso kusa na danna, na koma nesa na danna, na hau kan dakali na danna. Kowa ya zama bakanike. Mai shayi ya kawo shawarar a zuba ruwan zafi a kan tayoyi, kuma wallahi an zuba.

Duk wannan fa makulli yana hannuna. In buɗe ƙofa in murɗa, shi ke nan. Amma jiya na ce inji zai buga, kuma waɗanda na faɗa wa su ne tsaye a gabana. Da wani ya ce a gwada makulli, mutum biyu suka hana shi, suka ce direba ya ce haɗari ne. Ƙaryata ta sami masu tsaronta. Gari ya yi haske, wayata tana ta ruri a aljihu, na san daga Kebbe ne, na ƙi dubawa. Baffa kuwa carbinsa kawai yake ja.

Sahabi ne ya ce tunda abin ya gagara a duba inji. Kafin in yi magana ya sa yatsa a ƙarƙashin bonet, ya ce ai ma ba a rufe yake sosai ba. Ya ɗaga.

Sai ga furanni.

Sahabi ya ɗago gefen bargon da yatsa biyu, ya juya wa jama'a, ya tambaya a natse ko motar ma jego take yi. Mutane suka fashe, har mai shayi ya zauna a ƙasa. Ni kuma abin da ya kama ni ya wuce kunya. Na ga gefen bargon kwance a kan fanbel, bel ɗin nan mai juyawa in inji ya tashi. Da motar nan ta tashi, ko da na murɗa makulli, da ta naɗe shi, ko ya kama wuta muna tsakiyar hanya da tsoho a gaba. Gefen nasa ne ya tokare bonet, ita kuwa an yi ta ne ba ta jin rimot matuƙar bonet bai rufu ba. Ni da mota, ita ta fi hankali a safiyar nan.

Baffa ya miƙe a hankali ya tako. Bai yi dariya ba, bai kuma ɗaure fuska ba.

"Miƙo min bargon ga, Sahabi. Sanyi nika ji tun ɗazu."

Ya karɓa, ya kakkaɓe, ya yafa a kan babbar rigarsa, liman guda cikin jajayen furanni, ya buɗe gaba ya zauna. Dariya ta mutu nan take, don babu mai yi wa bargon da ke jikin Malam dariya. Ya leƙo ta taga ya ce mini, "Rufe, ka sake taɓawa, ɗana." Na danna bonet har ya yi ƙara, na taɓa rimot, ta tashi. Babu wanda ya yi tafi, ni ma ban nema ba.

Mun wuce Tambuwal da nisa ina jiran faɗa, bai zo ba. Sai can Baffa ya ce bargon bai dame shi ba, wanda ya tausaya wa ƙarfe zai tausaya wa mutum. Maganar makullin ce ya ji a bakin mutane, ya tambaye ni ko gaskiya ce. Na ce a'a. Ya ce to in mun dawo in je in gaya musu da kaina, kada wani ya ɗauka ya kai gaba.

Rana ta take muka shiga Kebbe. Rabin jama'a sun watse, surukina yana tsaye a ƙofar gida fuska ba walwala. Na soma haɗa wata ƙaryar a raina, ta hanya da ramuka. Baffa ya riga ni sauka, ya kama hannun surukina, ya ce, "Mun makara, a gafarce mu." Bai ce ni ba, bai ce mota ba, bai kuma faɗi abin da ba haka ba. Surukina ya sunkuya ya ce ai Malam ba ya makara, ya aika aka kirawo maƙwabta. Aka yanka rago, aka raɗa suna (kada ku tambaye ni, ɗan fari ne).

Washegari na je shagon mai shayi na warware maganata a gaban kowa, Sahabi yana gyara mini inda na rage. Abin da na koya bai da yawa. In zan yi kuri yanzu, nakan tsaya iyakar abin da na gani da idona, don ba kowace safiya ba ce ake samun tsohon da zai yafa kunyar mutum a kafaɗarsa.