Ranar da Alhaji Garba Ya Tura Motona

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Talatar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen Yelu ba za su bar ni ba. Ranar ce na je can Yelu gaisuwar farko wurin mahaifin Ramatu, yarinyar da na yi shekara guda ina nema.

Ni tela ne a Gaya ta Nijar, shagona yana bayan tashar manyan motoci. A lokacin na yi sabuwar moto ja, wato babur, kaina kuwa ya kumbura. Na sa mata fitilu masu canja launi, na sa oda mai kukan kamiyo, babbar motar kaya, na sa wurin cajin waya. Sannan na aikata abin da har yau nake tambayar kaina dalilinsa: na sa makanike ya cire kik, wato sandar nan da ake bugawa da ƙafa inji ya tashi. Wai tana kama mini ƙafar wando. Makaniken ya ce in bar ta, batir ba ya sallama ranar da zai mutu. Na ce masa ni maɓalli nake dannawa, bugun ƙafa sai ƴan kabu-kabu. (Ya dube ni sama da ƙasa, ya jefa kik ɗin cikin akwatin ƙarafa.)

Mahaifin Ramatu, Alhaji Garba, tsohon direban kamiyo ne, ya tsufa a kan hanyar Kwatano zuwa Yamai. Ramatu ta ja mini kunne tun da wuri. Ta ce ya riga ya sallami manema biyu, kuma shi ba riga yake kallo ba, abin hawan mutum yake kallo, don a nan yake gane mai hankali. Ta ƙara da cewa ya tsani ganin mai yana ɗiga a ƙofar gidansa. Abokin da zai raka ni kuwa ya maƙale a Malanbil, tsallaken kogi, gada ta cushe, sai na ɗauki hanya ni kaɗai cikin sabuwar shadda, ina ta murmushi ba dalili.

Kowa ya san ba a isa ƙofar suruki da ƙarar inji. Tun daga bakin masallaci na kashe, na sauka, na tura cikin ladabi. Na tuna maganar ɗigar mai, sai na duƙa na rufe robine, ɗan famfon da ke sakin mai zuwa inji, ina jin kaina gwani. Makulli kuma na bar shi a kunne saboda wayata tana caji. Fitilun nan nawa suka ci gaba da walƙiyarsu, da hasken rana ba wanda ya lura, har da ni.

Na yi wajen awa biyu a zaure, kai a sunkuye. An kawo fura mai sanyi, yunwa tana cina, kunya ta hana ni taɓawa. Alhaji da amininsa Malam Isa suka yi mini tambayoyi, na amsa, kuma wallahi na ji a jikina na ci jarrabawa. Da na tashi, Alhaji ya ce bari ya taka mini, ya ga moton da ake ta ba shi labari. Farin ciki kamar in yi tsalle.

Na hau, na gyara zama, na danna maɓalli. Ƙyat. Na sake dannawa. Ko ƙyat ɗin ma ta daina. Na danna oda, ta yi wani ɗan nishi ta yi shiru. Alhaji ya ce batir ne, ba komai, in buga kik. Da ya ga ban motsa ba, ya zagayo ya sa ƙafa da kansa yana lalube, ƙafar tana dukan iska.

“Ina kik ɗin, yaro?”

“Na cire, Baba. Yana kama mini wando.”

Malam Isa ya juya baya yana tari. (Ba tari ba ne, na sani.)

Samarin unguwa duk suna fadama wurin yankan shinkafa, ba mai turawa. Ina shirin cewa zan jira su, sai na ga Alhaji yana naɗe babbar rigarsa a kafaɗa. Ya ce in sa witesi na biyu, wato giya, in riƙe ambireyaji, wato kuloci, in saki idan ya ce saki, kuma in ta tashi kada in kuskura in tsaya sai Gaya. Jama'a, mutumin da ban isa in haɗa ido da shi ba, shi ne a bayana yana gudu, ni kuwa ina zaune a kai kamar mai gari. Ya ce saki, na saki, moto ta yi gurnani ta mutu. Muka juyo. Malam Isa ya kama gefe ɗaya. Sau uku muna auna layin nan daga masallaci zuwa rijiya. Mata sun jeru a kan katanga, kuma na hango ɗankwalin Ramatu a cikinsu yana rawa saboda dariya.

Bayan na uku Alhaji ya dafa gwiwa yana haki, sai idonsa ya faɗa ƙarƙashin tanki. Ya tambayi wanda ya rufe robine. Na ce ni ne, don kada mai ya ɗiga masa a ƙofa. Ya daɗe yana kallona, ya murɗa abin, ya ce in hau.

Wannan karon ina sakin ambireyaji ta zabura. Ta madubi na ga Alhaji ya kife cikin rairayi, hularsa tana gangarawa. An ce kada in tsaya, kuma gaskiya zuciyata ta so in yi ta tafiya har Kamba, can Najeriya, kada a sake jin labarina. Na wuce masallaci, na wuce injin niƙa, sai na ji ba zan iya ba. Na juyo, na diro, moto ta mutu nan take. Na tsinci hular, na kakkaɓe, na durƙusa na miƙa masa, na tabbata na zama na uku da aka sallama.

Yana zaune a ƙasa, gemu duk rairayi, sai ya fashe da dariya.

“Ban ce kada ka tsaya ba?”

“Na kasa, Baba.”

Ya dubi Malam Isa ya ce, “Wannan ba ya da wayo ko kaɗan, amma ya dawo.” Sannan ya ce mini, “Ka aiko magabatanka. Su zo a mota.”

Shi ya hau a karo na biyar, ni na tura da sabuwar shaddata, ya tayar da ita turi ɗaya, ya kewaya layin sau biyu mata suna guɗa, sannan ya miƙa mini.

Washegari da sassafe na je wurin makanike, ya zaro kik ɗin daga akwati bai ko tambaye ni ba. Yau ƴaƴanmu biyu da Ramatu, kuma in na je Yelu har yanzu tsofaffi suna tambayata lafiyar batir kafin su tambayi iyali. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ni tela ne, da keken ɗinki da almakashi a gabana kullum. Ƙafar wandon ya kamata in rage tun farko.