Yadda na raba tiren dattawa ranar sunan ɗana

Ba zan taɓa mantawa ba da sunan ɗana na biyu, a wata 'yar sal, wato zauren biki, da muka yi haya nan Vénissieux, gefen Lyon. Ni dai mace ce mai fargaba. Ko yaro ya yi atishawa sai na kira likita. Lakwal kuma, wato boko, ban yi nisa ba, amma ina da kunne, wanda shi ya ja mini.

Ana gobe suna, Baba Isufu, kawun maigidana, ya iso daga La Courneuve. Sunansa za a sa wa yaron. Da la'asar sai ga wani dattijo na nan Lyon, Alhaji Mamman, ya zo gaishe shi. Maigida ya fita ɗauko nama, ni ina ɗaki ina shayarwa, sai na ji falo ya ɗauki zafi.

"Tare aka kayar da Jamus," in ji Baba Isufu, "amma mu muka binne mutane! Ku kuna gefe kun ɓoye bam, ba ku faɗa wa abokin yaƙinku ba!"

"Kai, Isufu, ji tsoron Allah! Wa ya yi alkawarin zaɓe a Poloniya ya cinye? Duk ƙasar da sojanku suka taka, sun fita?"

"Ku da kuka saye rabin Turai da dala!"

"Ku da ba ku da ko burodin ba su!"

Na san zancen Rasha da Amurka ne, ban kai nan a duhun kai ba. Na kuma san Baba a Mosko ya yi karatu, Alhaji a Amurka. Amma wannan "mu" da "ku" ɗin, da dukan tebur har kofunan shayi na rawa, su suka tsinka mini zuciya. (Mutanen Maradi ne fa su biyun. Rasha ba ta san da Baba ba.) Na ce a raina gobe za a doki juna a kan ɗana, a yi ta ba da labari har garinmu Tawa.

Ban tambayi maigida ba, don na san dariya zai yi. Washegari, ni mai jego da ya kamata in zauna a yi mini barka, bayan an raɗa suna na lallaɓa ɓangaren maza. Na shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Na jawo ƙarfen shanya na kafa a tsakiya, na yafa masa zane. Tiren dattawa na raba shi biyu, har ƙirga tsoka na yi.

Na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, an ce a ware muku nan."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Haka na faɗa wa Alhaji. Abin da ban sani ba, tun suna samari tire ɗaya suke ci. Baba ya ɗauka Alhaji ne ya ce ba zai sa hannu da shi ba. Alhaji ya ɗauka Baba ne.

Matasa suka rarrabu, kowa ya bi wanda yake jin nauyi. Alhaji ya leƙa ta ƙasan zane ya ga an kai wa Baba zoɓo, ya ce su ba mutane ba ne? Na kai musu zoɓo da lemo. Baba ya ga lemo. Na kai masa lemo da kilishi. Haka na yi ta safa da ɗanyen jiki, babu wanda ya ci loma.

Can sai Baba ya miƙe ya gyara hula. "A kira mini taksi. Inda ba a so a ci da ni, ba na kwana."

Ko addu'a bai yi wa takwaransa ba. Maigida ya riƙe masa riga yana, "Kawu, don Allah, me ya faru?" Alhaji ya ɗago murya daga bayan zane, "Ƙyale shi! Shi da ya sa aka kafa mini katanga!"

"Ni? Ni na sa?"

"To wa?"

Duk suka juyo. Ina tsaye da faranti a hannu.

"Ni ce," na ce. "Jiya na ji kuna faɗa. Na ji tsoron a yi dambe."

Sai Alhaji ya fashe da dariya har da tari. "'Yar nan, tun kafin a haife ki muke wannan faɗan! Matarsa fa ƙanwata ce!"

Da akwai rami da na shige. Ni da kaina na naɗe zanen a gaban maza, na haɗe tiren. Baba ya karɓi jariri ya yi masa addu'a mai tsawo, ya shafa, ya ce, "Ka gani, Mamman? Haka abin ya faro tsakaninmu da ku. Kowa na zargin ɗan'uwansa."

"Ƙarya ne, ku kuka fara!"

Yanzu duk unguwarmu Minguettes Madam Berlin ake ce mini, har a cikin jirgin tram, wai na kafa katanga irin wadda ta taɓa raba birnin Berlin na Jamus biyu. Ni dai na ɗauki darasi: in tsofaffi na ihu, in ƙaro musu shayi in koma ɗakina. Ranar da suka yi shiru, ranar zan tashi.