Karfasa a Gidan Balarabe

Mu 'yan Yawuri da ke Riyad, duk Juma'a muna zuwa kamun kifi a wani tafki da ke bayan gari. Da kifin ya fara ƙarewa, sai muka kafa ƙungiya, muka nemi izini, muka sayi 'ya'yan karfasa a wata gona don mu zuba. Da aka zo maganar ɗauko su, na buga ƙirji.

"Alhaji Sani, ku bar wahalar bokitai," na ce wa shugabanmu. "Ni fa jikan Sarkin Ruwa ne, kuma tankar ruwa nake tuƙawa. A cikinta za su taho kamar 'yan gata."

Ina hanya da su sai kafil, ubangidana, ya kira yana ta "yalla, yalla", in yi sauri, wai wani gida a unguwar Badi'a na jiran ruwa. Hannu ya riga ya saba. Na je na ja tiyo, na sakar musu ruwa a kwamin ninƙayarsu. Sai da yaran gidan suka fara tsalle suna nuna ruwan, sannan na tuna abin da na ɗauko.

Wallahi a take na hango kaina a jirgin Kano, an koro ni gida. Amma maigidan, wani Balarabe, ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki. 'Yan ƙungiya suka zo muka kwashe su da gidan sauro, ko ɗaya bai mutu ba.

Har yau in na yi sallama, sai Alhaji Sani ya miƙe tsaye: "Ran Sarkin Ruwan Badi'a ya daɗe! Yau gidan wa za a kai wa kifi?"